Awo da Tiyar Aro: Sharhi a kan Binciken Ciwon Damuwa da Harshen da Ake Yin Sa

1. Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 280 ne ke fama da ciwon da likitoci ke kira dépression da Faransanci, wanda gidajen rediyo da jaridun Hausa suka fi kira ciwon damuwa. Wannan ciwo ba a ganinsa a jini ko a fitsari, hoton ƙirji ba ya nuna shi, ma'aunin zafin jiki kuma ba ya kama shi. Abin da likita yake da shi a hannu bai wuce tambaya da amsa ba, sai abin da idonsa ya gani. Bisa ƙa'idar kundin likitocin Amurka, yadda ta tsaya tun gyaran 1987, ana cewa mutum yana da ciwon idan alamu biyar cikin tara sun zauna masa mako biyu ko fiye. Alamun su ne: ƙuncin rai, gushewar sha'awar abubuwa, sauyin cin abinci, sauyin barci, sanyin jiki ko kasa zama wuri ɗaya, gajiya, ganin kai ba a bakin kome ba, kasa tara hankali, da tunanin mutuwa. Dole ɗaya daga cikin biyun farko ta kasance a ciki.

Tun da kayan awon nan kalmomi ne, duk adadin da bincike ya fitar yana rataye da harshen da aka yi tambaya da shi, da kuma kunnen da ya saurari amsa. Wannan sharhi ya bi sawun binciken da aka yi a Afirka daga 1953 zuwa ƴan shekarun nan, domin nuna cewa sau da yawa an auna ciwon da tiyar da aka aro daga wata kasuwa, ba a kuwa gwada ta da ta gida ba. Maganar ta shafi Nijar kai tsaye, inda ake horar da ma'aikatan kiwon lafiya da Faransanci, alhali masu zuwa gidan likita a Maraɗi, Damagaram da Tawa da Hausa suke faɗin abin da ke damunsu.

2. Zamanin da aka ce babu ciwon

A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin J. C. Carothers, likitan da ya shugabanci asibitin masu taɓin hankali na Mathari a Nairobi. Carothers ya ce ciwon damuwa ba safai ake samunsa ga baƙar fata ba, wai domin mutumin Afirka ba ya ɗora wa kansa laifi, kome ya same shi sai ya jingina shi ga wani ko ga iskoki. Kafin haka, a 1951, har ya kwatanta baƙar fata da Baturen da aka yi wa yankan gaban ƙwaƙwalwa. Frantz Fanon ya yi wa wannan ra'ayi kaca-kaca a 1961. Amma ban da raini da ke ciki, akwai kuskuren hanya wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Wanda ake kaiwa asibitin mulkin mallaka shi ne mai duka, mai ƙona ɗaki, wanda ƴan sanda suka kama. Matar da ta daina magana, ta daina cin abinci, ta kwanta a ɗaki, ba ta tsare wa kowa hanya ba, saboda haka ba mai kai ta can. Carothers ya ƙirga waɗanda suka iso ƙofarsa, sa'an nan ya yanke hukunci a kan nahiya guda.

Wadda ta kwance wannan ƙulli ita ce Margaret Field. Maimakon ta jira a asibiti, sai ta je ta zauna a wuraren tsafi na ƙasar Ashanti, a Gana, inda mutane ke kai kukansu. A littafinta na 1960 ta bayyana mata da yawa, galibi masu manyan shekaru, waɗanda ke zuwa da kansu suna cewa su mayu ne, su suka cinye ƴaƴansu ko danginsu. Ba sa barci, ba sa aiki, suna ganin ba su cancanci rayuwa ba. Field ta ce ciwon damuwa ne, kuma shi ya fi kowane ciwon hankali yawa ga matan karkarar Akan. Watau zargin kai da Carothers ya ce babu, ga shi nan har ya yi yawa, sai dai ya fito da kalmomin maita, waɗanda likitan asibiti bai san da su ba.

A 1968 Raymond Prince ya tattara rahotannin da aka rubuta, ya lura cewa kafin 1957 kusan duka suna cewa ciwon kaɗan ne, bayan 1957 kuwa suka koma cewa yana da yawa. Ba mutanen ne suka sauya cikin shekara goma ba. A shekarar ce Gana ta sami mulkin kai, a shekarar ce kuma Roland Kuhn ya bayyana amfanin maganin imipramine a Suwizalan. Masu tambaya ne suka sauya, abin da suke nema ya sauya. A 1979 John Orley da John Wing suka yi hira da mutanen ƙauyuka biyu a Uganda, suka sami ciwon ga mata fiye da yadda aka same shi ga matan wata unguwa ta Landan.

3. Laifin da aka ɗora wa harshe

Da maganar rashin ciwon ta faɗi, sai wata ta maye gurbinta: wai ciwon yana nan, amma harsunan Afirka ba su da kalmomin faɗinsa. Asalin wannan magana yana cikin binciken da Alexander Leighton da T. Adeoye Lambo da abokan aikinsu suka yi a ƙauyukan kewayen Abeokuta, aka buga a 1963. Sun ce ba su sami kalma guda ta Yarbanci da ta tara ciwon wuri ɗaya ba, ko da yake mutane sun san alamunsa ɗaya bayan ɗaya: yawan kuka, rashin ci, ramewa, gushewar ƙarfi. Wannan lura ce ta gaskiya, kuma masu binciken sun yi ta da taka-tsantsan. Amma a 1973 Julian Leff ya ɗaga ta zuwa wani mataki, ya ce harsunan ƙasashen da suka ci gaba sun fi rarrabe halayen zuciya, sauran kuwa suna nan a matakin faɗin ciwon rai da sunayen gaɓoɓin jiki.

Masanin harshe ba zai karɓi wannan ba, saboda dalilai biyu. Na farko, kalmar dépression ita kanta daga jiki ta fito: tushenta na Latin yana nufin danna abu ƙasa. Kalmar angoisse kuma tushenta matsewa ne, kamar na maƙogwaro. Bafaranshe ya manta asalin kalmarsa don ya saba da ita, amma idan ya ji Bahaushe ya ce cikinsa ya yi baƙi sai ya ɗauka maganar hanji ake yi. Na biyu, rashin kalma guda ba talauci ba ne. Hausa ta raba wannan fage kashi-kashi. Ɓacin rai yana da sanadi, yakan zo ya wuce. Takaici shi ne zafin abin da mutum ba shi da ikon ramawa ko gyarawa. Zulumi da fargaba suna duban abin da bai zo ba tukuna, ƙunci kuwa matsi ne da ke zaune. Karayar zuciya faɗuwar gwiwa ce bayan an yi ƙoƙari. Kewa da bege na wanda ya tafi ne. Akwai jimami, akwai alhini, akwai da-na-sani, akwai tagumi wanda zama ne na jiki amma kowa ya san abin da yake nufi. Harshen da ya bambanta takaici da haushi bai gaza wajen rarrabewa ba. Inda ya sa iyakokinsa ne ya saɓa da inda Faransanci ya sa nasa.

Likitoci da kansu sun ba da shaida a kan wannan. A 1999 Gregory Simon da abokansa suka buga sakamakon binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a cibiyoyi 15 na ƙasashe 14, har da Ibadan. Cikin masu ciwon damuwa 1,146, kashi 69 cikin 100 da kukan jiki kaɗai suka zo wa likita. Amma da aka tambaye su kai tsaye, kashi 11 cikin 100 ne kawai suka musanta abin da ke ransu. Daɗin daɗawa, zuwa da kukan jiki ya fi yawa a cibiyoyin da mara lafiya ba shi da likita tsayayye wanda ya saba da shi. Ashe abin da aka kira gazawar harshe, babban rabonsa rashin sabo ne. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mai zurfin ciki ba ya rasa kalma, wanda zai faɗa wa ne yake zaɓa.

4. Takardar tambaya a bakin tafinta

A yau yawancin bincike da gajerun takardun tambaya ake yin sa. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce PHQ-9, wadda Kurt Kroenke, Robert Spitzer da Janet Williams suka bayyana ingancinta a 2001, bayan gwaji a kan mutum 6,000 a asibitocin Amurka. Tambayoyi tara ne, kowace tana da amsa huɗu, daga sifiri zuwa 3, jimla 27. Wanda ya kai maki 10 ana zaton yana da ciwon. Takardar gajera ce, ba a biyan kuɗi kafin a yi aiki da ita, kuma ta taimaka ƙwarai. Sai dai an tsara ta ne domin mai ciwo ya karanta da kansa, ya cika da alƙalami, shi kaɗai. A karkarar Nijar, inda mafi yawan manya, musamman mata, ba su yi karatun boko ba, dole wani ya karanta, wani ya amsa da baki. Takarda ta zama hira ke nan, hira kuwa tana da dokokinta.

Hanyar fassara da aka fi bi ita ce wadda Richard Brislin ya bayyana a 1970: mutum ɗaya ya juya takarda zuwa harshen gida, wani ya mai da ita harshen asali, a gwada biyun. Idan sun dace sai a ce fassara ta yi. Raunin hanyar a fili yake. Masu fassarar biyu makaranta ɗaya suka yi, ƙamus ɗaya ke kansu. Na farko ya ga tristesse ya rubuta baƙin ciki, na biyu ya ga baƙin ciki ya rubuta tristesse, kowa ya gamsu. Abin da aka tabbatar shi ne ƴan boko biyu sun fahimci juna. Tsohuwar da za a tambaya ba ta shiga gwajin ba. Ga kaɗan daga abin da zai iya ɓuya a irin wannan fassara.

Baƙin ciki fuska biyu gare shi. Akwai na wanda aka yi wa rashi, akwai na ɗan baƙin ciki, mai hassada. Matar da ke zaune da kishiya, idan baƙo ya tambaye ta ko tana baƙin ciki, tana iya jin zargi a maimakon tausayi, ta ce a'a da sauri. Damuwa kuwa ta yi faɗi ƙwarai: kuɗin taki damuwa ne, kukan yaro damuwa ne, kuma ba damuwa ita ce amsar ladabi ta yau da kullum. Zuciya ma haka: wanda ya yi zuciya fushi ya yi, mai mutuwar zuciya kuwa rago ne da ba shi da kishin kansa. Mai fassarar da ya ɗauko mutuwar zuciya don ya faɗi gushewar sha'awa, zagi ya rubuta bai sani ba.

Tambaya ta biyu ta haɗa da rashin sa rai. Hausarta ita ce fid da rai ko yanke ƙauna. Musulmi kuwa tun yana yaro aka koya masa cewa yanke ƙauna daga rahamar Allah ba halin mumini ba ne. Tambayar da aka nufa ga lafiya ta koma tambayar imani, kuma an san amsar tun ba a yi ta ba. Tambaya ta huɗu a kan gajiya take. Duk mai jin Hausa ya san cewa amsar ina gajiya ita ce ba gajiya, ko da mai amsawa ya wuni a gona. Idan ba a gina tambayar yadda za ta fita daga sigar gaisuwa ba, amsar gaisuwa za a samu. Tambaya ta shida tana neman sanin ko mutum yana jin ya gaza wa kansa ko iyalinsa. Idan aka ce wa mace ko tana jin ta ba iyalinta kunya, an taɓo abin da ba shi ake nufi ba, domin abin kunya ga mace a Hausa yana da ma'ana sananniya. Tambaya ta bakwai tana auna tara hankali da karatun jarida ko kallon talabijin. Ta tara kuma ta haɗa abu biyu da Hausa ta raba: gara mutuwa, wadda ake faɗi ko don wahalar daka, da niyyar kashe kai, wadda babban zunubi ce da ba a ambata a gaban baƙo.

Sa'an nan akwai sigar tambayoyin. Uku daga cikinsu kishiyoyi biyu suka haɗa a jimla ɗaya: rashin barci ko yawansa, rashin ci ko yawansa, sanyin jiki ko rashin natsuwa. Ido yana iya komawa baya a takarda, kunne ba ya iyawa, abin da ya zo ƙarshe shi yake riƙewa. Ma'aunin amsa kuma yana so mutum ya raba kwana 14 gida biyu a ransa, ya faɗi ko abin ya same shi fiye da rabinsu. Bafaranshe ma kwana 15 yake cewa idan yana nufin mako biyu. Baƙauye da ranar kasuwa da Juma'a yake lissafi, kuma zai fi gane tun kasuwa biyu da suka wuce.

Waɗannan duka suna rage maki. Akwai kuma masu ƙara shi. Gajiya, rashin ci da rashin barci alamun zazzaɓin cizon sauro ne, alamun ƙarancin jini ne, kuma abokan mai goyo ne. A tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, tambayar cin abinci ba ta da ma'anar da take da ita a Amurka. Matar da ke takaba, wata huɗu da kwana goma, ta bar ado, ta bar fita, ta rage magana, bisa umarnin addini da al'ada. Kundin likitocin Amurka a da yana keɓe wata biyu na farko bayan rasuwa, amma bugun 2013 ya cire wannan keɓewa, ya bar wa likita ya yi hukunci da hankalinsa. Takarda ba ta da wannan hankali. Tiyar da ke rage wa wani tana ƙara wa wani, ba a iya gyara ta da lissafi ɗaya.

5. Abin da alƙaluma suka nuna

Babban binciken da Oye Gureje ya jagoranta a Nijeriya tsakanin 2001 da 2003 ya yi hira da manya 6,752. Ya sami kashi 3.1 cikin 100 da suka taɓa yin ciwon a rayuwarsu. A jerin bincike na duniya da wannan aiki yake cikinsa, Faransa ta ba da kashi 21, Amurka kashi 19.2. Shi Gureje ɗin kuma, a binciken tsofaffi 2,152 na ƙasar Yarbawa da aka buga a mujallar Lancet a 2007, ya sami kashi 26.2. Waɗannan ayyuka ne na ƙwararru, an yi su da kulawa, kuma shekarun mutanen da aka tambaya sun bambanta. Duk da haka, tazarar da ke tsakanin 3 da 26 a ƙasa ɗaya ta isa ta sa mai karatu ya nemi ganin yadda aka yi tambayar kafin ya dogara da amsar.

Ko a inda ba a yi fassara mai nisa ba, gajerar takarda tana wuce gona da iri. A 2020 Brooke Levis da abokan aikinta suka tara bincike 44 inda aka gwada PHQ-9 da hirar ƙwararre. Takardar ta nuna kashi 24.6 cikin 100, hirar ta nuna 12.1, watau ninki biyu. Takardar rariya ce ta tace waɗanda ya kamata a sake dubawa, ba a yi ta don ƙirga masu ciwo a gari ba. Rahoton da ya ɗauki maki 10 na Amurka ya ɗora wa jama'ar da ba a gwada shi a kansu ba, sa'an nan ya sanar da cewa kashi kaza na matan wuri kaza suna da ciwon, ya faɗi fiye da abin da ya sani. Mafi muni, rahotanni da yawa ba sa buga matanin fassarar da suka yi aiki da ita. Mai nazarin sauro yana faɗin irin tarkon da ya kafa. Mai nazarin zuciya da ya ɓoye kalmominsa ya hana a duba aikinsa.

6. Binciken da ya fara daga bakin mutane

Kada a fahimci wannan suka da cewa ciwon ƙirƙirar Turawa ne. Wannan komawa ce ga Carothers ta ƙofar baya. Ciwon gaskiya ne, yana hana noma, yana hana goyo, yana kisa, kuma yana jin magani. Shaidar haka ta fito ne daga ayyukan da suka juya hanya, suka fara da sauraro.

A Harare, Vikram Patel da abokansa sun tattara maganganun masu zuwa gidan likita da na masu zuwa wurin masu maganin gargajiya, suka tace su, suka fitar da takarda mai tambaya 14 da harshen Shona a 1997. Cikin kalmomin da suka fito har da kufungisisa, watau yawan tunani. A kan wannan tushe Dixon Chibanda ya gina aikin bencin abota, inda ma'aikatan unguwa, yawanci tsofaffin mata, ke zama da mai ciwo sau shida suna warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. Matakan aikin ma sunayen Shona aka ba su: buɗe tunani, ɗagawa, ƙarfafawa. A gwajin da aka buga a 2016, mai mutum 573 a gidajen likita 24, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a benci ne ke da alamun ciwon, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan kashi 50.

A Uganda, Paul Bolton da abokansa sun fara da tambayar mutanen Masaka da Rakai irin wahalhalun da mace-macen ƙanjamau suka bar musu. Mutanen suka ambaci yanayi biyu da harshen Luganda, ɗaya na ƙin kai, ɗaya na tausayin kai. Masu binciken suka kuma tambayi ayyukan da ake sa ran namiji ko mace su yi wa kansu da iyali da gari, suka mai da su ma'aunin nauyin ciwon. Bayan zaman tattaunawa na ƙungiya na mako 16 a gwajin ƙauyuka 30 da aka buga a 2003, kashi 6.5 cikin 100 ne suka rage da ciwon, a ƙauyukan da ba a yi zaman ba kuwa kashi 54.7.

Mai jin Hausa zai gane kufungisisa nan take, domin tunani ya yi masa yawa magana ce ta kullum, har akan ce tunani ne ya sa wa wane hawan jini. Amfanin kalmar shi ne ba ta ɗauke da tabon hauka, uwa tana iya faɗinta a kan ɗanta ba tare da ta ɓata masa aure ba. Amma a nan ma akwai tarko. Bonnie Kaiser da abokanta sun duba rubuce-rubuce 138 a kan yawan tunani a 2015, suka ga yana haɗuwa da ciwon damuwa a wani wuri, da tsoro a wani wuri, da tabon tashin hankali a wani wuri, wani lokaci kuma ba ciwo ba ne sam. Wanda ya ce tunani shi ne dépression ya sake yin kuskuren ƙamus, ya sauya alƙibla kawai. Kalmar gida ƙofar shiga hira ce, hukunci yana bayanta.

7. Aikin da ya rage

Tun taron Bamako na 1966 aka sa wa rubutun Hausa ƙa'ida, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Aikin kalmomin kiwon lafiya zai ƙaru, kuma akwai haɗarin a zauna a ofis a Yamai a ƙirƙiro kalma guda a ce ita ce fassarar ciwon. Abin da tarihin da aka bi a sama ya koyar shi ne a fara da tarawa kafin ƙirƙira.

Na farko, a ɗauki maganar mutane da na'ura, maza daban mata daban, a Gobir da Katsinar Maraɗi, a Adar, a Arewa, a Damagaram, domin nauyin kalma yana sauyawa daga kari zuwa kari. A nemi ungozomai, malamai masu rubutun sha, bokaye da ƴan bori, waɗanda su ne ke fara jin irin wannan kuka. Aikin Jacqueline Monfouga-Nicolas na 1972 a kan bori a kwarin Maraɗi ya nuna cewa wannan fage yana buɗuwa ga mai haƙuri. A rubuta kowace kalma cikin jimlarta, tare da wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da abin da ba a faɗinta a gabansa.

Na biyu, duk takardar da aka fassara a gwada ta da kunne. A karanta wa wanda bai yi boko ba, a ce ya maimaita tambayar da nasa kalmomi. A raba tambayoyi masu kai biyu. A sauya misalin jarida da abin da mutane ke yi, kamar rikicewar lissafi a kasuwa, ko mantuwar raka'a a salla. A taimaki ma'aunin amsa da abin gani: a Nepal an yi amfani da hoton kofunan ruwa, daga wofi zuwa cikakke, a nan kuwa tsakuwa 14 za su iya tsaya wa kwanaki. Sa'an nan a gwada makin da hirar likitan da ke jin Hausa, kafin a tsai da inda iyaka take.

Na uku, mujallu da hukumomin da ke ba da izinin bincike su sa sharaɗi: ba a karɓar rahoto sai da matanin Hausar da aka yi tambaya da shi. Kuma kada a yi tambayar kashe kai sai an shirya abin da za a yi wa wanda ya ce e. Daga ƙauyen Tawa zuwa sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, wanda aka sani da Pavillon E, tafiya ce mai nisa, kuma ba kowane mai ciwon damuwa ne ke bukatarta ba.

Na huɗu ya shafi masu tsara littattafan yaƙi da jahilci. Darasin lafiya a ajin manya yakan tsaya ga zawo, allurar rigakafi da ruwan sha. Idan za a ƙara darasi a kan wannan ciwo, kada a sa shi ƙarƙashin babin hauka, domin wanda ya ga sunan ba zai ce nasa ne ba. A gina shi da jimlolin da aka ɗauko daga bakin mutane, da boko da ajami, yadda matar da ta koyi karatu bara za ta karanta ta gane maƙwabciyarta da ta daina fitowa biki. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma maƙwabciya tana ganin fuskar kullum, abin da mai bincike na kwana ɗaya ba ya samu. Abin da darasin zai ƙara mata shi ne sanin cewa wannan hali yana da magani, da sanin ƙofar da za ta raka mai shi.